MAI KAYA DA MAI TAKARDA: Tarihin Shari'ar Haƙƙin Ƙirƙira da Darasinta ga Mutanen Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

  

A duk shekara idan muka haɗu, maganganunmu ba su wuce na hanya da ruwan sha da asibiti da makaranta, sai kuma matsalar tsaro wadda ta daɗe tana hana mu barci. Duk waɗannan sun cancanci a tattauna su. Amma a wannan fitowa muna so mu jawo hankalin 'yan uwa ga wata irin dukiya wadda ba a ɗaure ta a turke, ba a zuba ta a rumbu, amma ana sace ta, ana sayar da ita, ana kuma tafka shari'a a kanta a manyan kotunan duniya. Wannan ita ce dukiyar basira, wato abin da mutum ya ƙago da tunaninsa, da sunan da kayansa suka yi a kasuwa, da sanin da ya gada daga iyaye da kakanni. Za mu bi tarihin dokokin da ke kare ta, da irin lauyoyin da suka ƙware a kanta, sa'annan mu ga inda abin ya shafe mu.

Fatar da ta ɓatar da sunanta

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Jar akuyar ƙasar Sakkwato da Zamfara da Maraɗi tana da fata mai laushi da ƙarko wadda ba kasafai ake samun irinta ba. Shekaru aru-aru majemanmu suna jeme ta da bagaruwa, suna rina ta da karan dafi, fatake kuma suna ɗora ta bisa raƙuma su ƙetare Sahara da ita zuwa tashoshin Afirka ta Arewa. Daga can take shiga Turai, inda ake yi wa littattafai masu daraja bango da ita. To amma da wane suna Turawa suka san ta? Sun kira ta fatar Maroko. Makiyayi ya yi kiwo, majemi ya sha warin jima, falke ya sha ƙishirwar hamada, suna kuwa ya tafi ga wanda ya yi dillanci. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wancan zamani babu wata kotu da za a kai wannan kuka. A yau akwai ta. Sai dai ita kotun, wanda ya zo da takarda take saurare.

Yadda magabata suka tsare saninsu

Kada a ɗauka cewa kakanninmu ba su san darajar sani ba. Sun san ta sarai, kuma suna da hanyoyinsu na tsare shi. Hanya ta farko ita ce sirri da gado. Maƙeri ba ya koya wa bare yadda ake haɗa tama da gawayi, marini ba ya bayyana ma'aunin baba da toka da katsi, haka wanzami da maɗori da mai maganin gargajiya, kowa yana riƙe da asirin gidansu, sai ɗa ko bara mai biyayya zai gada. Sarakunan sana'a, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, su ne ke tsawatawa idan wani ya shiga gonar da ba tasa ba.

Hanya ta biyu ta malamai ce. Garin 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ya yi suna a matsayin matattarar malamai tun kafin jihadi, kuma daga wannan yanki ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, ya taso. A tsarin malamanmu, ɗalibi ba ya karantar da littafi sai da izinin malaminsa, kuma yana iya lissafo salsalar waɗanda aka karɓo karatun daga gare su har zuwa kan mawallafi. Mai kwafar littafi da hannu yakan ambaci sunan mai littafin, ya yi masa addu'a, kana ya sa nasa sunan a ƙarshe a matsayin magatakarda kawai. Jingina magana ga mai ita amana ce a wurinsu.

Waɗannan hanyoyi sun yi amfani a zamaninsu, amma suna da rauni biyu. Na ɗaya, sirri yakan mutu tare da mai shi. Idan tsoho ya rasu bai sami magaji ba, ko gari ya watse kamar yadda 'Yandoto ta watse a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, sanin ya tafi ke nan. Na biyu, abin da ke cikin ka ba ya zama hujja a gaban alƙalin da ke zaune a Munik ko Washinton.

Asalin takardar haƙƙin ƙirƙira

Turawa sun bi wata hanya dabam. A shekarar 1474 birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa dokar da ta ba wanda ya ƙago sabuwar na'ura ikon cin moriyarta shi kaɗai na shekara 10. Ingila ta yi tata dokar a 1624. Da ciniki ya yawaita tsakanin ƙasashe, sai aka ƙulla yarjejeniyar Faris a 1883 domin kare ƙirƙire-ƙirƙire da tamburan kasuwanci, da ta Ban a ƙasar Suwizalan a 1886 domin kare littattafai da waƙoƙi. Hukumar WIPO da ke Janeba ce ke kula da waɗannan yarjejeniyoyi a yau.

Ma'anar takardar ita ce ciniki tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai fito da sirrinsa fili, ya rubuta shi dalla-dalla yadda duk wani masani a fannin zai iya aikata shi. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har tsawon shekara 20, bayan nan ya zama na kowa da kowa. Sharuɗɗan uku ne: abin ya kasance sabo, ya kasance akwai basira a cikinsa wadda ba kowane ma'aikaci zai hango ba, kuma ya kasance ana iya amfani da shi a masana'anta ko a gona. Haka kuma takardar ba ta ƙetare iyaka. Wadda aka bayar a Abuja ba ta hana kowa komai a Yamai ko Landan, sai an nemi ta can.

Yadda dokar ta iso mana

Abin mamaki, dokar ta riga masu ita isowa ƙasarmu. A shekarar 1902 Turawan mulkin mallaka suka yi shelar dokar haƙƙin ƙirƙira ta Jihar Arewa, alhali ba su ci Sakkwato ba sai a watan Maris na 1903. Bayan haɗe Kudu da Arewa aka yi doka guda a 1916, sa'annan a 1925 aka kawo wadda ta fi kowace bayyana manufarsu. A ƙarƙashinta, ba a bayar da takarda a Nijeriya, sai dai mutum ya samo ta a Ingila tukuna, kana ya zo ya yi mata rajista a nan. Ke nan da wani maƙeri a Kwatarkwashi zai ƙago sabuwar garma, sai ya bi ta Landan kafin dokar ƙasarsa ta san da shi. An yi dokar ne domin kare kayan kamfanonin Ingila da ke shigowa.

A daidai wannan zamani ne jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya wuce har Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa da fatu suka riƙa gangarawa teku, atamfa da sabulu da magunguna masu tambari suka riƙa haurowa. Abin da muke fitarwa ba shi da suna, buhu ne da sikeli. Abin da ake kawo mana kuwa kowanne da tambarinsa da lauyansa.

Ko bayan samun mulkin kai dokar 1925 ta ci gaba da aiki, har sai da wata shari'a ta farkar da gwamnati. A 1965 kamfanin Rhone-Poulenc na Faransa ya kai ƙarar wani kantin magani mai suna Lodeka a Legas, saboda ya shigo da wani magani domin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ba tare da izinin mai takarda ba. Kotu ta ba kamfanin gaskiya. Gwamnati ta ga cewa ko maganin asibitocinta ba ta da ikon sayowa inda ya fi araha, sai ta yi dokar gaggawa a 1968 wadda ta ba ta wannan iko, kana a 1970 ta kafa cikakkiyar Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane, wadda ake aiki da ita har yanzu. Tamburan kasuwanci kuwa suna ƙarƙashin dokar 1965.

Akwai abubuwa biyu a dokar 1970 da ya kamata kowane ɗan wannan ƙungiya ya sani. Na farko, haƙƙin na wanda ya riga kai takardar nema ne, ko da ba shi ne ainihin wanda ya ƙago abin ba. Idan an ɗauke wa mutum basirarsa ba da yardarsa ba, doka ta ba shi damar ƙwato ta, amma sai ya kawo hujja. Na biyu, ofishin rajista da ke Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki a Abuja yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Saboda haka ingancin takarda a kotu ake gane shi, kuma tsarin mulki na 1999 ya keɓe irin wannan shari'a ga Babbar Kotun Tarayya, wadda take da reshe a Gusau. Wannan ya sa lauya ya zama ginshiƙin al'amarin.

Shari'ar dogon yaro da ta kurkum

Domin mu ga aikin irin wannan lauya, sai mu duba itacen da ke ƙofar gidan kowannenmu. Dogon yaro daga Indiya ya fito, an kawo shi Arewa a zamanin Turawa, ya kuma zama ɗan gida. A 1994 Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace na Amurka tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka takarda a kan wata hanya ta amfani da man 'ya'yan dogon yaro wajen kashe funfunar da ke lalata shuka. Mutanen Indiya suka ce wannan abu manomansu sun daɗe da saninsa. Wata masaniya mai suna Vandana Shiva da abokan gwagwarmayarta biyu daga Turai suka shigar da ƙorafi a 1995, wani lauya ɗan ƙasar Suwizalan, Farfesa Fritz Dolder, ya tsaya musu.

Abin lura shi ne, faɗin cewa kaka da kakanni sun san abin bai wadatar ba. Abin da ya karya takardar shi ne shaidar wani ɗan kasuwa daga Indiya, Abhay Phadke, wanda ya tabbatar da cewa tun a tsakiyar shekarun 1980 ya yi gwajin irin wannan haɗi a gonaki tare da manoma. Aka soke takardar a watan Mayu na 2000, aka ɗaukaka ƙara, aka sake tabbatar da sokewar a watan Maris na 2005. Shekara 10 cif ana fafatawa.

Ta kurkum, wato gangamau, ta fi sauri. A 1995 Amurka ta ba wata cibiyar likitanci ta Jami'ar Misisipi takarda a kan warkar da rauni da garin kurkum. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta tattaro tsofaffin rubuce-rubuce, har da wata maƙala ta mujallar likitoci ta 1953, ta miƙa. A 1997 aka soke takardar. Daga nan Indiya ta ɗauki darasi, ta kafa taskar kwamfuta a 2001 inda ta zuba bayanan magungunanta na gargajiya cikin harsunan da masu binciken takardu a Turai da Amurka ke iya karantawa, domin a tare ɓarna tun kafin ta auku. Rigakafi ya fi magani.

Albasar Galmi da kilishin Nijar

Wani zai ce Indiya ta yi nisa. To, ga misali daga 'yan uwanmu Hausawa na ƙetaren iyaka. Galmi gari ne a jihar Tawa, ba nisa da Birnin Ƙonni, kuma albasarsa mai ruwan shuni ta yi suna daga Abijan har Akara. A 2006 wani kamfanin iri mai suna Tropicasem, wanda ke Senegal, ya nemi hukumar OAPI, wadda ke kula da dukiyar basira ta ƙasashe 17 na Afirka daga mazauninta a Yawunde, ta ba shi haƙƙin mallakar irin albasa da sunan Galmi. Da a ce an yi shiru, da sai a wayi gari sunan da manoman Galmi suka gina da guminsu ya koma hannun wani. Da labari ya fito, ƙungiyoyin manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, har kamfanin ya janye sunan, ya koma kiran nasa irin da sunan Damani.

Nijar ba ta tsaya nan ba. Ta bi matakai har aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar shaidar asalin wuri, wato tabbacin cewa ba mai sayar da kaya da wannan suna sai wanda ya yi shi a wurin, bisa ƙa'idar da masu sana'ar suka amince da ita. A 2023 aka miƙa wa ƙasar takardun shaida, tare da tamburan haɗin gwiwa na cuku da na fatar jar akuyar Maraɗi. Mu duba da kyau: akuyar nan da ta rasa sunanta a hannun fataken Sahara, ita ce maƙwabtanmu suka mayar wa suna a takarda. Nijeriya ba ta cikin OAPI, amma dokarmu ta 1965 ta tanadi tambarin shaida, wanda wata ƙungiya za ta iya riƙewa ta riƙa ba duk wanda ya cika ƙa'ida izinin amfani da shi.

Maganin sikila: samu da riƙo

Samun takarda wani abu ne, iya riƙon ta kuma wani abu ne dabam. A farkon shekarun 1990 Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, a kan wani haɗi da yake ba masu ciwon sikila. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu: masoro, kanumfari, ganyen dawa, da itacen wani ɗan uwan madobiya. Aka yi bincike, aka sa wa maganin suna Niprisan, aka sami takardar Amurka a 1998, kuma aka sa sunan mai maganin a cikin jerin waɗanda suka ƙago shi. Wannan abin yabo ne ƙwarai.

A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa maganin shi kaɗai, a 2006 kuma Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Ba a jima ba kamfanin ya faɗa cikin bashi, ya durƙushe a 2008, aka janye lasisin a 2009. Magani ya yi ƙaranci, iyayen yara masu sikila suka shiga neman sa ido rufe. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya, lokacin da shekarun takardar suka riga suka ƙare ko suka zo gargara. Darasin a nan shi ne, an zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Aikin lauyan da ke kula da dukiyar basira ya haɗa da binciken ƙarfin wanda za a ba lasisi, da rubuta abin da zai faru idan ya gaza, da ƙayyade kason kowa, da biyan kuɗin sabuntawa na shekara-shekara a kowace ƙasa, domin takardar da ba a biya mata ba faɗuwa take yi.

Makaɗanmu da magadansu

Allah Ya albarkaci ƙasar Zamfara da makaɗa. Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya rasu a 1973. Ga Alhaji Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ga Sa'idu Faru, ga wasu da dama. A yau muryoyinsu suna cikin wayoyinmu da shafukan intanet, ana saurare a ko'ina cikin duniya, wasu shafukan ma suna samun kuɗin talla. Ya dace mu tambayi kanmu, me ke isa ga magadansu?

Akwai wani labari daga Afirka ta Kudu da ya dace da wannan tambaya. A 1939 wani mawaƙin Zulu mai suna Solomon Linda ya rera waƙar Mbube a faifai, aka sallame shi da sule 10. Waƙar ta ƙetare zuwa Amurka, aka sake mata riga, ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney, ta tara dukiya mai yawa. Shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Wani lauya mai suna Owen Dean, wanda ya yi digirinsa na uku a kan tarihin dokar haƙƙin mallaka, ya tuna da wani sashe a dokar Daular Ingila ta 1911 wanda ya ce haƙƙin da mawallafi ya sayar yana komawa ga magadansa bayan shekara 25 da rasuwarsa. Da wannan ya shigar da ƙara a 2004, ya sa kotu ta riƙe tamburan Disney da ke ƙasar a matsayin jingina. A watan Fabrairu na 2006 aka sasanta, 'ya'yan Linda suka sami haƙƙinsu. Sanin tarihi ne ya ci wannan shari'a. Ita dai wannan doka ta 1911 ta yi aiki a Nijeriya har zuwa 1970.

Dokarmu ta yanzu, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa da rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai su, faifan da aka naɗa kuwa shekara 50. Ga wanda ya rasu a 1973, shekara 70 ba ta cika sai 2043. Dokar ta kuma ɗora wa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa kula da adabin gargajiya wanda ba a san mai shi ba. A nan dole mu jinjina wa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Irin wannan aiki shi ne tubalin da lauya zai ɗora hujjarsa a kai.

Masaƙar Gusau

Manyanmu suna tuna lokacin da masaƙar Zamfara da aka kafa a Gusau a tsakiyar shekarun 1960 take ɗaukar ma'aikata daga Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, gari ya cika da kekuna idan an tashi aiki. Dalilan mutuwar masaƙun Arewa suna da yawa: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna, da fasa-ƙwauri. Amma a cikin fasa-ƙwaurin akwai satar zane. Masaƙa za ta fitar da sabuwar atamfa, kafin wani lokaci an kwaikwayi zanen da tambarin a ƙasashen Asiya, an shigo da ita ta kan iyaka a kan farashin da ba za a iya gogayya da shi ba. Dokar 1970 ta ba zanen da aka yi wa rajista kariya ta shekara 5, ana iya sabuntawa sau biyu, amma doka ba ta kai kanta kotu. Idan har muna fatan farfaɗo da masana'antu a jiharmu, wajibi ne mu tanadi masu tsaron wannan ƙofa.

Matsayin Shari'a

Mun san wasu 'yan uwa za su ce, shin wannan ba ɓoye ilimi ba ne? Tambaya ce mai kyau, musamman a jihar da ta yi shelar aiki da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce ta masu su, Shari'a tana kare ta, kuma bai halatta a yi ta'adi a kanta ba. Ban da haka, mun riga mun ga cewa sharaɗin samun takarda shi ne bayyana sirri. Wanda ya mutu da saninsa a ciki ya fi kusa da ɓoye ilimi a kan wanda ya rubuta shi.

Abin da ya rage gare mu

Ya 'yan uwa, abin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa shi ne halin da ƙauyukanmu ke ciki. Rashin tsaro ya tayar da garuruwa da dama a ƙasashen Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau. Idan ƙauye ya tashi, ana lissafin rayuka da shanu da rumbuna, amma ba mai lissafin irin gero da dawa da wake da gida ya adana shekara da shekaru, ko tsohuwar da ta san saiwar da ake ba mai naƙuda, ko maƙerin da ya koma acaba a birni. Wannan asara ba ta da diyya. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, ƙungiya ta kafa kwamitin da zai bi dattawa masu sana'a da masu magani da makaɗa, musamman waɗanda ke gudun hijira, a rubuta saninsu da yardarsu, da sunansu da garinsu da kwanan wata. Abin da suka ce sirri ne a adana shi a matsayin sirri. Malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, za su iya taimakawa. Yarjejeniyar da ƙasashen WIPO suka amince da ita a watan Mayu na 2024 ta tanadi cewa mai neman takarda ya faɗi ƙasar da ya samo tsiro da al'ummar da ta ba shi sani, kuma al'ummar da ta rubuta nata ita za ta fi cin moriyar wannan tanadi.

Na biyu, mu gargaɗi matasanmu masu ƙere-ƙere. Duk wanda ya haɗa wata na'ura ta sussuka ko ta ban ruwa, kada ya yi gaggawar baza ta a Facebook ko WhatsApp, domin abin da aka riga aka bayyana wa duniya ya daina zama sabo a idon doka. Ya fara shigar da takarda. Daga ranar yana da wata 12 na neman kariya a wasu ƙasashe, kuma tun 2005 Nijeriya tana cikin yarjejeniyar da ke ba da damar shigar da nema guda domin ƙasashe masu yawa. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen wannan rajista. Mai sabon irin shuka kuma yana da dokar 2021 da ta tanadi haƙƙinsa.

Na uku, a cikin tallafin karatu da muke bayarwa, a keɓe gurbi ga yaro ko yarinya da za su ƙware a wannan fanni. Yawancin lauyoyinmu sun karkata ga shari'ar filaye da ta zaɓe da ta laifuka, kuma ba mu raina wannan ba. Amma fannin ƙirƙira yana buƙatar mai ido biyu, wanda ya san kimiyya ya kuma san doka. A Amurka da Turai galibi ba a ba mutum izinin wakiltar masu ƙirƙira a ofishin rajista sai yana da tushe a kimiyya ko injiniya. Ɗalibin da ya karanta haɗa magunguna ko aikin gona ko injiniya, sa'annan ya ƙara da lauya, ya kuma iya Faransanci saboda maƙwabtanmu, zai yi wa ƙasar nan aikin da ba a taɓa yi mata ba. Hukumar WIPO ta buɗe ofishi a Abuja a 2020, kuma tana da darussa ta intanet, wasunsu kyauta.

Kammalawa

Mun taso daga fatar da ta rasa sunanta, mun bi ta 'Yandoto da Legas da Galmi da Idu, mun dawo Rawayya da masaƙar Gusau. A duk inda mai kaya ya yi nasara, za a tarar akwai wanda ya rubuta, akwai kuma wanda ya san ƙofar kotu. Mu da Allah Ya ba damar karatu da zama a birane, mu ne ya wajaba mu zama waɗannan mutane ga iyayenmu da ke gida. Idan ba mu yi ba, wani zai yi, kuma da sunansa zai yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya maido mana da zaman lafiya a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Zamfara baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya kuma albarkaci zuriyarmu da ilimi mai amfani. Amin.